Ranar da Aka Wanke Tankokin Yaya

Yaya ya rasu damina biyu bayan an ba mu jiharmu. Ni ban san lissafin shekara na takarda ba, amma shekarar ce shugaban ƙasa na soja ya mutu farat ɗaya ana tsakar shuka, kuma shekarar ce man fetur ya yi wuyar da mota ke kwana uku a layi. Sanƙarau ɗin nan da ya kwashi yara da bazara ya riga shi da shekara biyu da wani abu. An yanke gero, dawa tana tsaye ba ta gama nuna ba. Wanda ya san waɗannan ya san lokacin da nake nufi.

Da asuba ya cika, a gidansa na Damba cikin Gusau. Ni ina Kekun Waje ta ƙasar Bungudu, inda na yi aure na tsufa. Saƙo ya iske ni da hantsi, mota ba ta samu ba sai bayan azahar, ita ma a bayan akori-kura tare da buhunan gyaɗa. Ko da na isa an kai shi an dawo. Ban ga fuskarsa ba. Mu bakwai uwarmu ta haifa a Tsafe, shi ne na fari, ni ce auta, kuma mu biyun ne muka rage.

Na zauna kusa da matar Yaya a ɗakinta, ina amsa gaisuwa ina sauraro. Matan unguwa suna shigowa suna cewa, "Allah ya jiƙan Baba mai motoci." Haka yaran Damba ke kiransa, iyayensu suka ɗauka. Tsofaffin abokan aikinsa na gidan gurzar auduga suna waje, aka kawo mana labari cewa sun ce injin da ya ɗaure ba ya kwancewa sai shi ya ga dama. Wata tsohuwa 'yar'uwarmu ta nesa daga Tsafe ta karkata ga ta kusa da ita, ta ce, "Ai tun da yad dawo Bama ba shi dawo duka ba. Tsoho da jikoki, shina wasa da motocin roba." A hankali ta faɗa, amma kunnena lafiya lau yake. Na ci gaba da amsa gaisuwa. Gidan makoki ne.

Akwai kuma Mai Agogo, abokin Yaya, Inyamuri ne Kirista mai shagon gyaran agogo a Sabon Gari. Ya nemi izini ya shigo har ƙofar ɗaki, ya cire hula, ya tsuguna. Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. Ya ce, "Uwargida, sai haƙuri. Yau ne na fara shigowa gidan nan ba a ce mini in zo in ga wani abu ba." Daga haka ya koma waje ya zauna a ƙarshen tabarma, kwana uku yana zuwa.

Washegari da hantsi na fito zan kama ruwa, sai idona ya faɗa kan ruwan da ke bin rariya zai fita waje. Ni daɓe ne sana'ata. Daga Kekun Waje har Bungudu, da can ba a kai amarya ɗakin da ban daɓe ba, kuma wasu ɗakunan har yau ba su tsage ba. Na san ƙasa. Ruwan nan ba na wanke-wanke ba ne. Akwai ja a cikinsa, akwai baƙar lakar gulbi, akwai launin makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da muke yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi. Ba wanda ke daɓe a gidan siminti. Na bi ruwan har bakin rijiya.

Matan 'ya'yansa biyu na iske, da baho, da sabulu, da soso, da tsohon buroshin haƙori. An kwashe kayan ɗakin Yaya don baƙin Tsafe su sami wurin kwana. Tankokinsa na yaƙi ne a gabansu, ƙanana na roba waɗanda yake haɗawa da hannu, kowacce ba ta fi tafin hannu da yatsu tsawo ba. Goma sha shida ne. Sha uku suna jere a tabarma suna shan rana, sun yi fes kamar sababbin kofuna a kasuwa. Wasu 'yan gutsattsari suna yawo a kan kumfa. Uku suna kan faranti suna jiran layi.

Na ce, "Mi kuke yi?"

Babbar ta ce, "Ina kwana, Gwaggo. Kayan Baba muke wankewa. Wallahi datti har cikin sarƙar ƙafafunsu, kamar babu mata a gidan."

"Wa yas sa ku?"

Suka dubi juna. Ƙaramar ta ce, "An ce a gyara ɗakin."

Ban zage su ba. Yaran kirki ne, hannuwansu har sun yi fari don ƙoƙari. Na ɗauki farantin na rufe da gefen mayafina, na kai ƙarƙashin gadon da nake kwana. Abin da suka ɗauka datti, shi ne aikin. Haɗa robar wata uku yake ci. Lakar, da tsatsar, da ƙurar da ke kwance a lungu-lungu, su ne ke cinye sauran shekarar.

Uku suka rage, kuma ba nawa ba ne. Wanda ya bar 'ya'ya maza, ƙanwarsa ba ta gadon ko allura, wannan na sani, ban kuma ja da shi ba. A ranar babban ɗansa, ma'aikacin gwamnati a Kaduna, ya ce idan an yi addu'ar bakwai zai tafi da sha shidan duka ya sa a kabad na gilashi a falonsa, a wanke su su zama bai ɗaya, duk wanda ya zo ya ga aikin Baba. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ke nan in ina son ukun nan su tsira da lakarsu, sai na buɗe baki na roƙa. Ni kuwa ban taɓa roƙon 'ya'yan Yaya komai ba. Shekarar da ɗakina ya rushe ma ba su ji a bakina ba, sai da na tada shi. Kwana biyar gare ni in yi shawara, na kuwa yi su ina tuna mai kayan.

Yaya ya je yaƙin Bama, na Turawa can ƙetaren teku, yana saurayi. Bai taɓa hawa tanka ba, kada wani ya ƙara masa abin da bai yi ba. Ɗan dako ne, kaya yake ɗauka a ka cikin daji. Da ya dawo ya shiga gidan gurzar auduga, ya zama makaniken inji har ya yi ritaya. Kwalin tankar roba na farko wani Bature injiniya ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Shekara goma kwalin yana bisa kabad ba a taɓa shi ba. Sai da aiki ya ƙare, shekarar da soja suka kori farar hula ana sanyi, ya sauke shi ya buɗe.

Na ga cikin irin kwalin nan sau da yawa. Ba mota ba ce a ciki. Gutsattsari ne maƙale a jikin wasu sanduna kamar 'ya'yan itace a reshe, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Sai takarda mai zane. Yaya ba ya karanta Turanci, zanen da lambobin yake bi. Bayan sallar asuba da koko sai ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗaki inda haske ya fi kyau, ya ɗora faranti a cinya, ya jera reza, da matsefata, da gam mai wari, ya maƙala gilashin ido ɗaya irin na masu gyaran agogo. Har rana ta yi zafi ba ya magana. In gutsure ɗaya ya faɗi, gidan ne ke tsayawa. Ba mai taka ƙasa, ba mai shara. Wata rana ƙaramar ƙafar tanka ta gangara, kaza ta riga shi. Bai yi ihu ba. Ya ce a kama ta. Ya yanka, ya buɗe ƙundu da kansa, ya ciro ƙafar ya wanke ya manna. Ranar an ci kaza a gidan, ba salla ba baƙo. Tun daga nan ba a sakin kaji sai ya naɗe buzu.

Kowane kwali yana zuwa da 'yan sojoji na roba, a zaunar da su a bakin murfi. Yaya bai taɓa manna ko ɗaya ba, yana zuba su a gwangwanin madara. Limamin unguwa ya taɓa leƙowa, don an kai masa magana cewa ana tara gumaka a gidan. Ya duba kantar da aka jera tankokin daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce, "To ina mutanen?" Yaya ya ce, "Suna ciki, Malam. Mai hankali ba ya leƙo kai." Liman ya yi dariya, ya zauna, har ya tambayi wacce ce ta Jamus wacce ce ta Rasha. Yaya ya san su duka, da ƙasar da kowacce ta yi yaƙi, da irin ƙasar wurin, rairayi ne ko taɓo. Mai Agogo ne ke karanta masa bayan kwali.

Faɗanmu a kan ta farko aka yi shi. Na zo Damba wuni, na shiga ɗakinsa na ga abu a kan kanta duk laka. A raina na ce matar Yaya ta yi sake. Na ɗauka na kai bakin rijiya na dirje shi tas, na mayar, ina jiran godiya. Da ya dawo masallaci ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wa ya aike ki?"

Na ce, "Aike? Ƙazanta na gani na kau da ita."

Ya ce, "Wata huɗu na yi ina sa ƙazantar."

Ni kuma bakina ba ya jira. Na ce, "Tsoho da kai, ka rasa abin yi sai shafa wa kayan wasan yara taɓo? Ka ba jikoki mana su ja da zare."

Ya ɗauki buta ya fita. Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, Yaya bai taka Kekun Waje ba, shi da ba ya wata biyu bai zo ba. Ni ma ban je ba. Uwa ɗaya ta haife mu.

Shi ya fara zuwa. Ya sauka da gwangwani a hannu, muka gaisa kamar jiya muka rabu, ya zauna a ƙofar ɗakina. Bai ambaci faɗan ba, har ya mutu bai ambata ba. Ya ce, "Ke kin san ƙasa. Wace iri ce in ta bushe ba ta tsagewa?" Na ce ta danganta da abin da za a yi da ita. Sai ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba, bai kuma sake ba.

Ya ce a Bama wata tankar Turawa ta nutse a bakin rafi, laka har wuya. Aka ce 'yan dako su fito da ita. Kwana biyu suna saran itace suna tona da hannu da kwanon ci. Cikinsu akwai ɗan maƙwabtanmu na Tsafe, wanda suka tafi tare. Rana ta biyu harbi ya zo daga ƙetaren rafi, ya same shi suna riƙe da gungume ɗaya shi da Yaya. Tankar ta fita. Shi a nan aka bar shi. Yaya ya ce, "Fuskarshi ta ɓace mani, na yi na yi. Amma lakar ina ganinta. Baƙa ce ba baƙa ba, toka-toka da ɗan shuɗi, ko ta bushe tana ƙyalli. Ita nike nema."

Na ce a ba ni mako biyu.

Daga nan na zama mai kai masa ƙasa. Lakar gulbi ta kwanar da ke ƙasa da Bungudu, tokar kara, makuba, da ɗan ƙaro don ta kama. Ina shanyawa in daka in tankaɗe da tsohon ɗankwali sau uku. Shi kuma yana kankaro tsatsa daga tsohuwar galma, yana ɗebo baƙin gindin tukunya, yana shafawa da gashin kaza guda ɗaya. Ba ko'ina yake sawa ba. Ya san inda laka ke taruwa in sarƙa na juyawa, da inda takalmin mai hawa ke goge fenti, da inda mai ke tsiyaya ƙura ta kwanta a kai. Yakan ce, "Sabuwar tanka ƙarya ce. Wadda ba ta da laka ba ta je ko'ina ba." In na kawo haɗi ya gwada a bayan cokali, ya ce ya yi ja, ko ya yi fari, in ce idonsa ne ya tsufa, in koma in sake. Wanda bai yi daidai da na Bama ba, sai ya yi amfani da shi a kan wata.

Irin tankar da ya tono, mai bindiga biyu, babba a gefe ƙarama a bisa, ba ta samu ba sai shekarar sanƙarau. Wata takwas ya yi a kanta. Da ya gama ya aika na zo. Ya ɗora ta a kan buzu cikin rana, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ita ce." Ni dai laka na gani, amma na san haɗin ya yi kyau. Ita ce ta uku a jere a kan tabarmar surukansa. Da bindigogin na gane ta.

Kwalayen kuwa Mai Agogo ke samo su, ta hannun ƙanensa mai fatauci a Ikko, kusan ɗaya a shekara. Abin da ke tsakaninsu ya daɗe. Shekarar da gari ya rikice mutanen kudu suka gudu, kafin yaƙin basasa, Mai Agogo ya bar akwatin kayan aikinsa a hannun Yaya ya hau jirgi da abin da ke jikinsa. Shekara huɗu akwatin yana ƙarƙashin gado. Duk wata Yaya yakan buɗe ya shafa wa ƙarafan mai ya rufe, bai san ko mai su yana da rai ba. Wasu sun ce ya sayar, ya ce ba shi ya saya ba. Da mutumin ya dawo, a rame, Yaya ya ɗauko akwatin a ka ya kai masa har Sabon Gari. Gilashin idon nan daga cikin akwatin ya fito.

Ni ma akwai nawa. Da siminti ya shigo ƙauye aka daina kirana daɓe. Madaɓina yana rataye har gara ta fara shi. 'Yan matan yanzu ba su san bambancin jar ƙasa da marmara ba, ba su kuma da bukata. A duk ƙasar nan Yaya kaɗai ya rage mai tambayata ƙasa, mai kuma yi mini gardama a kanta. Ban taɓa gode masa ba. Ban ga dalili ba a lokacin.

Ranar bakwai, bayan an shafa addu'a an raba waina, na aika a kira mini babban ɗansa. Ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakin uwarsa, ita tana ciki cikin takaba, ni ina bakin gado da farantin a cinya. Na yaye mayafin.

Ya ce, "Au, Gwaggo, ashe ke kika ɓoye su. Ana ta nema. Bari a ba yaran su ƙarasa, gobe da sassafe zan kama hanya."

Na ce, "Ba za a wanke waɗanga ba."

"Gwaggo, ai ba ma so a ce mun bar kayan Baba cikin datti."

"Ba datti ba ne. Aiki ne."

Ya yi murmushi irin na 'yan boko in suna lallashin tsoho. Ya ce, "To in baƙo ya gani a falo, me zan ce masa? Ga sha uku suna ƙyalli, ga uku kamar an tono su a juji."

"To kada ka kai su falo. Ka bar mani su."

Ya sosa ƙeya. "Ki zaɓi cikin wankakkun mana, in dai don tunawa ne. Sun ma fi kyau. Amma gaskiya Baba bai taɓa raba su ba, kuma ba nawa ne ni kaɗai ba, gado ne, akwai ƙannena."

Gaskiya ya faɗa. Na dubi farantin. Na ce, "Ɗana, roƙonka nike yi."

Kalmar ta fita. Ban taɓa jin ta a bakina ba, kuma ba ta yi daɗi ba. Shi ma bai ji daɗinta ba, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

Sai matar Yaya ta yi magana daga ƙuryar ɗaki. Kwana bakwai ban ji ta ce komai ba sai amin. Ta ce, "Gwaggon yara, ni nas sa a wanke su."

Na juya.

Ta ce, "Na san ba datti ba ne, ni ma ina da ido. Shekara sha biyar ina share ɗakin nan ban taɓa kantar tankokin ba. Ke kina kawo ƙasa ki koma gidanki. Ni aka bari da shi in ya gama shafa ta. Wadda yac ce ita ce, kwana uku bai ci abinci ba bayan kin tafi, yana kiran sunan wani wanda ban sani ba. An wanke shi an kai shi. Nac ce su ma a wanke su, ya huta."

Ban san da kwana ukun nan ba.

Sai matar Yaya ta ce wa ɗanta, "Nawa ne duka?"

Ya ce, "Sha shida, Inna."

"Tumunina nawa ke nan a ciki?"

Ya ɗago kai. "Inna, ai ba haka ake rabon ba, sai an tara komai."

"Tambayarka na yi."

Ya ce, "Biyu."

Ta ce, "To na ba ta biyu, ba don ta fi ni gaskiya ba. Ta roƙa, ni kuwa shekara hamsin na san ta ban taɓa jin ta roƙa ba. Ta ɗauka ta fitar mani da su daga gida."

Biyu aka ce, uku ne a farantin. Ɗaya tana da jar ƙasar Tsafe da na kankaro daga bangon ɗakin uwarmu shekarar da ya faɗi. Ɗaya tana da taɓon fadamarmu ta Kekun Waje. Ta ukun ta hamada ce, da rairayin gonarsa ta Wonaka, shi ya ɗebo da kansa, ba hannuna a ciki, kuma a gaskiya ta fi sauran biyun kyawun aiki. Na daɗe. Na ɗauki ta Tsafe da ta fadama. Ta Wonaka na miƙa wa ɗan Yaya, ya karɓa da hannu biyu. Ban fita bakin rijiya ba. Ina daga ɗaki na ji an jawo guga.

Da safe ya tafi da sha uku. Mai bindiga biyun uwarsa ta ce a bar mata, a wanke yadda take, bai kuwa yi mata lissafi ba. Da Mai Agogo ya ji abin da ya faru ya same ni a tasha, ya ce tunda na san haɗin, me zai hana in mayar wa mai bindiga biyun da lakarta. Na ce haɗin na sani, inda ake sawa ne ban sani ba. Ni ban je Bama ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa can ta fi masa nan, ya haɗa shi da ɗan maƙwabtanmu a inda babu taɓo.

Cikin waɗanda suka san yadda abin yake, saura mu huɗu. Matar Yaya tana Damba, idonta ya yi rauni, muna gaisawa da salla. Mai Agogo ya rufe shago ya koma garinsu, 'yarsa mai aikin asibiti a Gusau takan kawo gaisuwarsa. Akwai wani tsohon ɗan dako a Tsafe da suka yi Bama tare, yana nan, sai dai ba ya ji, ba ya kuma son a tambaye shi. Sai ni. Biyun suna ɗakina cikin tsohuwar fanteka da murfi. In mu huɗun muka tafi, wanda ya buɗe fantekar zai ce datti ne ya nemi soso, ba zan kuma ga laifinsa ba. Shi ya sa na ce a kawo takarda, ina faɗa ana rubutawa, a ninke a sa a ciki.